Ra'ayi: Kafin ka ci bashin kat-kat, ka leƙa wajen masu burek

A unguwarmu akwai wani ma'aikaci da ya ci bashin banki ya sayi ƙatuwar kat-kat. Ranar da aka kawo ta har maƙwabta suka fito yi masa barka. Yau wata takwas ke nan, kuma kowa ya gane lissafinsa: daga farkon wata zuwa sha biyar yana cikin mota, daga nan zuwa ranar albashi motar tana lulluɓe da tamfal, shi kuma yana bayan ɗan kabu-kabu. Ba dariya nake yi masa ba. Da yawanmu da mun samu bashin, abin da za mu yi ke nan, domin a garuruwanmu tsawon mota daga ƙasa ya zama ma'aunin mutunci.

Ra'ayina shi ne, ga ma'aikaci mai iyali a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, wanda yawan tafiyarsa daga gida ne zuwa wurin aiki da lakkwal ɗin yara, ba motar hannu da ta kai burek dacewa, wato ƙaramar motar nan mai dogon baya da ake buɗewa a zuba kaya.

Mu fara da aljihu. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayun 2023, arahar da ake samu wajen ƴan ruwa-ruwa ta kau, kowa ya koma gidan mai. A watan Yulin 2024 gwamnati ta sauko da litar esansi daga 540 zuwa 499 na sefa, amma dogayen layukan da aka sha a watan Maris na 2025 sun nuna mana cewa ko da matatar SORAZ a Damagaram, mai ba abin wasa ba ne.

Mu ƙaddara kana yin kilomita 30 a rana, kwana 26 a wata. Kilomita 780 ke nan. Burek mai shan lita 8 a kilomita 100 za ta ci maka lita 62. Kat-kat mai shan lita 13 za ta ci lita 101. A farashin 499, bambancin ya kusa jika 20 kowane wata, ba a zo maganar taya ba, wadda ta kat-kat ta fi girma ta fi tsada. Idan Salla ta zo ka ɗauki iyali daga Yamai zuwa Maraɗi, tafiyar kilomita wajen 660, zuwa da dawowa bambancin zai haura jika 30. Kuɗin ɗinkin yara ne.

Kuma burek ba baƙuwarmu ba ce. Duk wanda ya yi wayo kafin zuwan manyan motocin bas ya san Fijo 504 mai dogon baya, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ta yi ta jigilar fasinja da buhuna tsakanin garuruwanmu da Katsina da Kano. Magadanta na yau, irin su Toyota Corolla da Avensis masu dogon baya, Opel Astra da Volkswagen Passat, suna ɗaukar mutum biyar, a baya kuma buhun hatsi da akwatuna su shige. Ka kwantar da kujerun baya, har katifa ka ɗauko.

Masu son daɗin tuƙi ma ba a bar su a baya ba. Nauyin burek yana kusa da ƙasa, shi ya sa take kama hanya a kwana, ba ta rangaji irin na dogayen motoci. Mai giyar hannu ta fi biyayya ga direba, kuma gyaranta ya fi sauƙi a garejinmu. Amma daɗin da nake nufi ya wuce na sitiyari. Shi ne ranar Lahadi ka ce wa yara su shiga a je gaida kaka ko a leƙa gona, ba tare da ka tsaya kana kallon allurar mai gabanka na faɗuwa ba.

Na san abin da za a ce: cikinta kusa yake da ƙasa, ga rairayi, ga ruwan damina da ke yanke unguwanni. Gaskiya ne. Wanda gidansa ke can ƙarshen gari inda kwalta ba ta kai ba, ko aikinsa ke kai shi ƙauyuka cikin tudun rairayi, kat-kat ta zame masa dole, kuma ba da shi nake ba. Saura kuwa su tambayi kansu tsakani da Allah: sau nawa a shekara suke sauka daga kwalta? Bai kamata tafiyar kwana uku ta ɗora wa mutum nauyin wata goma sha biyu ba.

Sai dai sunan burek kaɗai ba ya sa mota ta zama alheri. Tun da aka rufe iyakarmu da Benin a 2023, kaya da yawa ta Lome da Burkina Faso suke zagayowa, hanya ta ƙara tsawo, kuɗin kawowa ya hau. Kuskure a sayen mota yanzu ya fi na da ciwo, don haka a yi hattara.

Ka fara da bakanikenka kafin dillali. Ka tambaye shi wace mota ya sani ciki da waje, kuma wacce ake samun kayanta a garinku ba sai an aika Kano ko Lome ba. Ka je da shi da sassafe, a tayar da injin yana sanyi: hayaƙi mai shuɗi alamar cin baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya yankewa alamar ruwa na shiga inji. A ɗaga motar a duba cikinta, domin gishirin da ake watsa wa hanyoyin Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe, fenti kuma yana rufe tsatsa. A duba ƙafafun baya da kyau, su ne ke shan wahalar lodi. A bar ta a tsaye da rana na'urar sanyi na aiki, a ga ko allurar zafi za ta hau, don motar da ta saba da sanyin Beljiyam ba ta san zafin Afrilu mai haura digiri 40 ba. Kada ka yarda da kilomitan da ke rubuce, ana juya su. Ka dubi yadda sitiyari da abin taka birki suka suɗe. Idan zirga-zirgarka ta cikin gari ce, ka zaɓi mai esansi mai sauƙin inji, domin sabbin injinan gazuwal suna da matacin hayaƙi da ke toshewa a gajerun tafiye-tafiye.

Sai takardu. Lambar shasi ta jikin mota ta zama ita ce a takardar duwan da kart giriz, harafi da harafi. Idan dillali ya ce a biya tukuna takarda na tafe, ka ɗauki hularka ka yi gaba. Kuma kada ka zuba duk abin da ka tara a kan sayen. Ka rage na taya, batir, juyen mai da inshora.

Maƙwabcin nan namu ya fara cigiyar mai sayen kat-kat ɗinsa. Jiya da yamma na gan shi tsaye a bakin gareji, yana zagaya wata Corolla mai dogon baya, yana tambayar bakanike lita nawa take sha.