Kiɗan Alternative Rock: Sunan da Kasuwa Ta Haɗiye

Masu nazarin waƙa sun san wahalar raba kiɗa gida-gida. Kiɗan da ake kira alternative rock, wato rok ɗin da ya kauce wa babbar hanya, ya isa misali, domin sunansa bai taɓa nuni ga amo guda ba. Abin da ya haɗa masu yinsa tun asali shi ne matsayinsu game da kasuwa, kuma da wannan ma'auni ya kamata a karanta tarihinsa.

A farkon shekarun 1980, bayan guguwar kiɗan punk ta lafa, ƙungiyoyin matasa a Amurka da Ingila suka riƙa fitar da fayafayansu ta hannun ƙananan kamfanoni. An kafa R.E.M. a garin Athens na jihar Jojiya a 1980, kuma gidajen rediyon jami'o'i ne suka yayata ta. The Smiths, wadda daga baya ta shiga ƙarƙashin kamfanin Rough Trade, ta fito daga Manchesta a 1982, Sonic Youth daga New York, Pixies daga Boston. Wanda ya saurari taushin jitar The Smiths da ƙarajin Sonic Youth zai sha wuya ya kira su 'yan gida ɗaya. Danginsu na hanyar cin abinci ne: ƙaramin kamfani, ƙaramin dandali, da yawo gari-gari a tsohuwar mota.

Nirvana ce ta sauya lissafin. Faifanta na farko, Bleach, ya fito a 1989 daga kamfanin Sub Pop na Seattle, kuma ɗaukarsa bai ci fiye da dala ɗari shida da 'yan kai ba. Na biyu, Nevermind, ya fito a Satumbar 1991 daga babban kamfanin DGC, kuma a Janairun 1992 ya ture faifan Michael Jackson daga saman jadawalin Billboard. Nan da nan manyan kamfanoni suka bazama neman masu irin wannan amo. Sunan da aka raɗa don nesanta kai da kasuwa ya koma tambarin da ake liƙa wa haja.

Akwai masu cewa tun daga lokacin kiɗan ya sami siffarsa, wato baiti mai sanyi da amshi mai tsawa. Amma wannan siffa ta Pixies da Nirvana ce, ba ta game Radiohead ko R.E.M. ba. Ƙungiyar Fugazi ta birnin Washington, wadda ta tsaya kan kamfaninta na Dischord tana karɓar dala biyar a ƙofa, ta fi kusa da ma'anar farko.

Ma'aunin bai tsaya ga Turawa ba. Makaɗin jitar nan Ba'abzine na Nijar, Mdou Moctar, ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya ba tare da wani kamfani ba. A 2021 kamfanin Matador na New York, gidan 'yan wannan kiɗa, ya fitar da faifansa Afrique Victime. Yarensa da karin jitarsa na Sahara ne, amma hanyar da ya biyo ita ce ta magabatan alternative rock.

Don haka mai nazari, ko na waƙar Turawa ko ta Hausa, ya fara da tambayar wa ya mallaki faifan, kuma ta wace hanya ya isa kunnen jama'a, kafin ya amince da sunan da 'yan kasuwa suka ba shi.