AKWATUNAN WASA MASU ZUWA: A GUJI CINIKIN BIRI A SAMA

Kwanan baya na kai ziyara gida Matazu, na zauna da yamma a ƙofar shagon wani ɗan ƙanwata, inda ya ajiye talabijin biyu da akwatunan wasan bidiyo biyu, samari suna biya suna buga ƙwallon ƙafa a kan allo. Irin wannan wuri shi ne yara ke kira gidan gem, kuma yanzu da wuya ka shiga gari mai kasuwa tsakanin Funtuwa da Malumfashi da Kankiya ba ka tarar da irinsa ba. Ina zaune sai gardama ta kaure a kan wanne zai fi wani tsakanin PlayStation 6 da ake cewa kamfanin Sony yana shiryawa, da sabon Xbox na kamfanin Microsoft. Kowa yana ɗaga murya, har da masu rantsuwa, alhali babu ɗaya daga cikinsu da ya taɓa ganin ko da kwalin abin da suke jayayya a kansa.

Da gardamar ta tsaya a baki da ban ɗauki alƙalami ba. Amma bayan an watse sai mai shagon ya matso ya ce mini, "Kawu, ina so in sayar da waɗannan biyun tun kafin darajarsu ta faɗi, in haɗa da kuɗin masarata idan kaka ta yi, in jira sabon ya fito." Watau yaro zai rufe sana'ar da ke ba shi abin cefane, ya ɗora guminsa na damina guda a kai, saboda labarin da ya gani a waya. Wannan ne ya sa na ga ya wajaba a yi magana, domin na tabbata ba shi kaɗai ne yake da wannan niyya ba.

Bari mu fara raba tsaki da tsakuwa. Abin da ya tabbata shi ne, cikin watan Yuni na 2025 Microsoft ya ba da sanarwar ya ƙulla yarjejeniya ta shekaru da kamfanin AMD, mai ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, domin akwatunansa na gaba. Shi ma Sony tun ƙarshen 2024 ya bayyana cewa yana aikin bincike tare da wannan kamfani na AMD. Kamfanin Nintendo kuwa ya riga ya fito da nasa, watau Switch 2, ran 5 ga Yuni, 2025, a kan kusan dala 450. Sauran maganganu da aka yi ta bazawa cikin 2025, a wancan lokaci ji-ta-ji-ta ce. An ce PlayStation 6 zai fito cikin 2027 ko 2028, an ce zai zo da ƙanensa na riƙewa a hannu, an ce gurbin faifansa dabam za a riƙa sayar da shi. An kuma ce sabon Xbox zai zama kamar kwamfuta ce a cikin akwati, mai karɓar wasanni daga kantunan wasu kamfanoni. A lokacin da aka fara yaɗa waɗannan labarai babu kamfanin da ya faɗi rana ko farashi. Mai yiwuwa ne wasu su zama gaskiya. Amma mutum mai hankali ba ya sayar da gonarsa a kan "an ce".

Ya kamata mai karatu ya san cewa wannan kishi tsoho ne, kuma ji-ta-ji-ta tana cikin makamansa. Cikin 1991 Sony da Nintendo sun yi shirin fito da akwati ɗaya tare, sai Nintendo ya juya baya ya koma wajen kamfanin Philips. Sony ya ci gaba shi kaɗai, ya fito da PlayStation na farko a Japan cikin Disamba, 1994. Microsoft ya shigo fagen cikin 2001, shekarar da kamfanin Sega ya daina ƙera akwatinsa mai suna Dreamcast ya bar fagen ɗungurungum. Tun daga wannan lokaci, duk sa'ad da wani ya yi shirin fito da sabon kaya, sai labarai su cika duniya a kan abin da kishiyarsa ke ɓoyewa, domin mai saye ya riƙe kuɗinsa ya jira. Wanda ya jira bai sayi na abokin gaba ba, riba ce ga kamfani ko da bai sayar masa da komai ba tukuna.

Ko abin da kamfani ya faɗa da bakinsa ma yakan canja. Cikin 2013 Microsoft ya ce Xbox One sai an haɗa shi da intanet sau ɗaya kowace sa'a 24 kafin ya yarda a yi wasa, ya kuma ce za a taƙaita sayar da faifan da aka riga aka yi amfani da shi. Jama'a suka yi ca a kansa, kafin watan Yuni na wannan shekara ya ƙare ya janye maganar. Sa'ad da PlayStation 5 ya fito cikin Nuwamba, 2020, an buga alamar 8K a jikin kwalinsa, watau hoto mai tsananin kyau, amma cikin 2024 aka cire alamar daga kwalin. Kamfanin Google ya buɗe Stadia cikin 2019, aka yi ta shelar cewa zamanin akwati ya wuce, daga yanzu ta intanet kawai za a riƙa wasa. Cikin Janairu, 2023 ya rufe shi. Idan alkawarin mai kaya yana iya tashi haka, ina ga zancen ɗan kanzagi?

To, a ce ma duk abin da ake faɗa gaskiya ne. A ganina ma'aunin da samarinmu ke auna waɗannan akwatuna da shi, watau ƙarfin ƙwaƙwalwa da kyawun hoto, ma'aunin mutanen Tokyo da Landan ne. Mutumin Matazu yana da tambayoyinsa huɗu da ya kamata ya yi wa kowane akwati kafin ya kwance bakin jakarsa.

Tambaya ta farko, yana da gurbin faifai? Wannan ita ce uwar tambayoyi, kuma a nan ne kamfanonin suka fi nuna inda suka dosa. Cikin 2020 Sony ya fito da PlayStation 5 iri biyu, mai gurbin faifai a kan dala 499 da marar gurbi a kan dala 399. Microsoft ya yi haka da Series X da ƙaramin Series S na dala 299 wanda ba ya karɓar faifai sam. Cikin Nuwamba, 2024 aka fito da PlayStation 5 Pro a kan kusan dala 700, kuma duk da wannan tsada sai mutum ya sayi gurbin faifai dabam. Shi ma Switch 2, wasu daga cikin katunan wasanninsa mabuɗi ne kawai, wasan kansa sai an sauko da shi daga intanet. Faifai kuwa dukiya ce a hannun talaka. Mai shago a Malumfashi yana iya sayen na hannu a Sabon Gari ko Titin Beirut a Kano, ya yi amfani da shi shekara guda, ya yi musanya da na abokinsa a Bakori, ko ya sayar ya rage asara. Wasan da aka saya ta intanet yana ɗaure ne da sunan mai shi a littafin kamfani, ba a kai shi kasuwa, ba a ba da shi jingina. Ka biya kuɗin saye, amma a zahiri haya ka ɗauka.

Tambaya ta biyu, yana aiki idan babu intanet? Mu mutanen wannan yanki ba ma bukatar a ba mu labari. Cikin Satumba, 2021, saboda matsalar 'yan bindiga, aka katse hanyoyin sadarwa na waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Dutsin-ma, aka kuma daɗe a haka har wajen ƙarshen shekara. Mai faifansa a hannu ya ci gaba da sana'arsa. Wanda akwatinsa ya dogara da intanet kafin ya sauko da wasa ko ya sabunta shi, sai dai ya zuba masa ido. Ko a lokacin zaman lafiya ma, wasu manyan wasanni na yanzu sun wuce gigabait 100, ga shi cikin Janairu, 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Mai karatu ya lissafa da kansa kuɗin data da yawan kwanakin da za a yi ana jiran wasa ɗaya ya sauka a ƙauye.

Tambaya ta uku, wuta nawa yake ci? PlayStation 5 yana jan kimanin wat 200 sa'ad da ake tsakiyar wasa, ban da rabon talabijin da fanka. Ƙaramin PlayStation 4 yana cin wajen rabin haka, shi kuwa Switch 2 bai kai wat 30 ba, ga batirinsa a jiki. A garin da wutar lantarki baƙuwa ce, wannan bambanci shi ne bambancin riba da faɗuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, litar da ake sha ƙasa da Naira 200 a farashin hukuma ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Mai shagon da ke tayar da janareta, ko wanda ya tara kuɗi ya sayi farantin sola da batir, kowane wat yana da farashi a wurinsa. Akwatin da ake yi wa kirari da cewa ya ninka na baya ƙarfi, sai a tambaya ko cikinsa ma ya ninka.

Tambaya ta huɗu, idan ya lalace wa zai gyara? Waɗanda suka yi gaggawar sayen Xbox 360 bayan fitowarsa cikin 2005 sun ɗanɗana kuɗarsu, domin da yawa daga cikin akwatunan sun riƙa mutuwa, har cikin 2007 Microsoft ya ware fiye da dala biliyan ɗaya domin gyara, ya kuma tsawaita garanti. Wannan garanti ya amfani mai saye a Amurka da Ingila. Akwatin da ya bi ta hannun dillalai uku daga Dubai ko kasuwar Alaba ta Ikko kafin ya iso Funtuwa, garantinsa yakan ƙare ne a bakin ƙofar kanti. Ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara, ga wutar da kan zo da ƙarfi ta ƙona kaya. Tsohon akwati kuwa masu gyara sun san cikinsa, kayan gyaransa suna nan a Kano. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sa'an nan a dubi farashi. A da, akwati yakan yi araha idan ya tsufa. Wannan zamani abin ya juye, domin cikin 2025 Sony da Microsoft duk sun ƙara kuɗin akwatunan da suka kusa cika shekara biyar a kasuwa. Idan aka lissafa dala 700 a kan Naira 1,500, yadda canji ya kai cikin 2024, an sami Naira 1,050,000, watau albashin wata 15 cur na ma'aikaci mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, kafin a sa kuɗin kwastan da ribar ɗan kasuwa. Buhun masara nawa ke nan? Kuma wasa nawa yara za su buga kafin uwar kuɗi ta dawo? Abin da ke kawo ciniki a gidan gem ƙwallon ƙafa ne, watau wasan da aka sani da FIFA, wanda ya koma EA Sports FC cikin 2023, da takwaransa eFootball. Shekaru bayan fitowar PlayStation 5 masu yin waɗannan wasanni sun ci gaba da fito da su a kan PlayStation 4, saboda sun san inda jama'a suke. Babu dalilin zaton akwatin da ke aiki yau zai zama kwandon shara ran da sabo ya fito.

Kada a ɗauka ina ƙin ci gaba ne. Sabon abu zai zo, kuma wata rana zai iso Matazu kamar yadda na bayansa suka iso. PlayStation 2 ya fito cikin 2000, an sayar da fiye da miliyan 155, ya kuma yi wa shagunanmu aiki shekaru da yawa bayan masu ƙera shi sun wuce wurin. Wanda ya jira kaya ya fito, aka gwada shi shekara ɗaya ko biyu, aibinsa ya bayyana, na hannu ya fara shigowa, shi ne yake saye da ido buɗe. Haka manomin auduga yake yi da sabon iri: yakan gwada a kunya kaɗan, ya ga yadda ya yi da ƙasarsa, kafin ya ba shi gona duka.

Akwai kuma aikin hukuma a ciki. Kamata ya yi hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye ta tilasta wa masu shigo da waɗannan kaya su bayyana wa mai saye a fili, da harshen da yake ji, ko akwati yana karɓar faifai da kuma ko yana bukatar intanet. Ya kamata cibiyoyin koyar da sana'a na jiha su sa gyaran waɗannan na'urori cikin darussansu tare da gyaran waya, domin kuɗin da ake kaiwa Kano ya tsaya a Funtuwa da Malumfashi. Su kuma masu shaguna, tun da sana'arsu ta dogara da yardar iyaye, su hana yara shiga a lokacin makaranta, ta boko da ta allo, tun kafin a tilasta musu.

Ɗan ƙanwata dai na ba shi shawara ya bar akwatunansa biyu suna aiki, ya ajiye masararsa a rumbu, idan ya sami rara ya ƙara farantin sola. Ran da PlayStation 6 ko sabon Xbox ya sauka a kantunan Kano, za mu shiga mota mu je tare, mu juya shi gaba da baya, mu yi masa tambayoyin nan huɗu. Wanda ya amsa su da kyau, shi ne ya ci gasar a wurinmu, ko da wane suna aka rubuta a jikinsa. Gani ya kori ji.