Kwanciya Ba Ta Warkar da Ciwon Gwiwa

A Ƙaraye da Rogo, da zarar dattijo ya fara dafa bango kafin ya miƙe daga tabarma, shawarar da 'ya'yansa ke ba shi ɗaya ce: "Baba, ka huta," sai a aiki yaro kemis ya sayo haɗi. Tausayi ne, amma ina ganin yana ƙara cutar da shi. Yawancin abin da muke kira sanyin ƙashi amosanin gaɓɓai ne, wato guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya zaizaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da shi, kusan kashi 60 cikin ɗari mata, kuma gwiwa ya fi kamawa. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini, motsin gaɓar ne ke shayar da shi daga ruwan da ke cikinta. In mutum ya kwanta, tsokar cinya sai ta saki, ƙiba ta hau, gwiwar ta ƙara sandarewa. Diclofenac da ibuprofen ɗin da ake sha kullum ba ƙa'ida kuwa, su lafar da zogin wuni ɗaya, a ƙarshe su iya jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda.

Wani zai ce, manomin da ya wuni a fadamar madatsar ruwa ta Challawa, ko mai saran rake a Rogo, wane motsi ya rage masa? Hujja ce mai ƙarfi. Sai dai doguwar duƙawa da fartanya, tsugunno da ɗaukar buhu a ka, dannar gaɓa suke yi. Motsin da likitocin gashin ƙashi ke nufi daban ne: mutum ya zauna a kujera, ya miƙe ƙafa sambal, ya ɗan riƙe, ya sauke, ya maimaita safe da yamma; ya taka zuwa masallaci da sandarsa, ya hau keke in yana iyawa. Tsohuwar da ba ta fita, zagayen tsakar gida ya ishe ta farawa. Ɗan ciwo yayin motsi ba ɓarna ba ne, amma in gwiwa ta kumbura ta yi zafi ga zazzaɓi, asibiti za a nufa.

Matsalar ita ce wa zai koyar. Ba kowane manomi ke da kuɗin mota zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ba. Ya kamata Gwamnatin Kano ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitocinmu su riƙa nuna wannan atisaye ga duk mai zuwa da ciwon gwiwa, Masarautar Ƙaraye kuma, wadda tun 2024 ƙananan hukumomin biyu ke ƙarƙashinta, ta sa dagatai da limamai su isar da maganar har cikin gidaje.