Dangwalen Yatsa Ba Shi Ne Yarda Ba

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata ɗabi'a da ta yi kanta a asibitocin ƙasar nan wadda ya wajaba mu yaƙe ta. Dattijo zai taso daga Rogo ko Ƙaraye, ya sayar da buhun masararsa, ya iso Kano domin a yi masa aikin ido, sai a miƙo masa takarda da Turanci a ce ya dangwala. Da ya dangwala, shi ke nan, wai ya yarda. To, da me ya yarda, alhali ba wanda ya karanta masa?

Mu Kanawa mun san ƙarshen irin wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce ya nemi izini da baki, iyaye kuwa suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Sai a 2009 kamfanin ya amince zai biya dala miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu: wannan tabo yana cikin dalilan da suka sa aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003, cutar ta sake bazuwa.

Yau ga aikin ido da hasken leza ana tallarsa kamar ba shi da wani haɗari. Ba mu musun amfaninsa. Mutane da yawa sun ajiye tabarau saboda shi. Amma aikin gyaran gani kankare fatar gaban ƙwayar ido ne, abin da aka kankare kuwa ba ya dawowa. Wasu kan gamu da bushewar ido, wasu su riƙa ganin fitila da rawani da dare. A Amurka ma, a 2022, hukumar kula da magunguna ta ba da shawarar a lissafa wa majiyyaci waɗannan illoli ɗaya bayan ɗaya kafin ya sa hannu. In ɗan bokon Amurka na bukatar haka, ina ga manomin Rogo?

Doka kuwa tana tare da mu. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa majiyyaci amfanin magani da haɗarinsa da kuɗinsa, da 'yancinsa na ƙi, cikin harshen da yake ji. Rashin aiki da ita shi ne ciwon.

Saboda haka muna kira da a rubuta takardar yarda da Hausa, boko da ajami, a karanta ta a gaban shaida. A ba majiyyaci lokaci ya yi shawara da iyalinsa. A gaya masa sunan likitan da zai taɓa idonsa da inda zai koma in abu ya ɓaci. Ko aikin kyauta ne, sharaɗin bai sauya ba, domin talauci ba ya soke haƙƙi. Likitan da ya yi sakaci kuma a kai ƙararsa Majalisar Likitoci ta Ƙasa, kada a tsaya ga cewa ƙaddara ce.

Mu da gumin talakawa ya ilmantar, in an yi hutu mu raka iyayenmu asibiti, mu karanta musu, mu yi tambaya. Kada yatsa ya taɓa tawada sai kunne ya ji.