Emacs Ya Gyara Tsarin Tashinsa

A ganina masu kula da Emacs sun yi daidai da suka sauya yadda manhajar take tashi a sigar 27.1 ta shekarar 2020. Tun da package.el, mai kula da ƙunshe-ƙunshe, ya shigo da sigar 24 a 2012, Emacs kan karanta fayil ɗin saitin mutum, wato init.el, tukuna, sannan ya kunna ƙarin ƙunshe-ƙunshen da mutum ya sauke. Sai ka kira umarnin wani ƙunshi a cikin init.el, Emacs ya ce bai san shi ba, don bai iso gare shi ba. Maganin da aka kawo a sigar 25 ya fi ciwon zafi, domin manhajar da kanta take cusa layin package-initialize, mai kunna ƙunshe-ƙunshen, cikin fayil ɗin mutum ba sallama, alhali fayil ɗin nan tamkar ɗakinsa ne. Yanzu ƙunshe-ƙunshen suna tashi kafin a karanta init.el. Duk saitin da ya shafi kunna su, kamar package-user-dir mai nuna inda aka ajiye su, ko package-load-list mai zaɓen waɗanda za su tashi, sai a kai shi early-init.el, wanda ake karantawa tun kafin taga ta buɗe. Adiresoshin rumbuna irin su MELPA kuwa suna iya zama inda suke a init.el.