ZAMAN GIDA: Wankin Kayan Kunu da Lafiyar Sokawe

Ga kaka ta yi, gero da dawa sun shiga rumbu, ba da daɗewa ba kuma za a shiga hidimar Kirsimeti da bukukuwan aure. A irin wannan lokaci kusan kowane gida yakan jiƙa hatsi domin kunun zaki, a dafa zoɓo, a haɗa lemon citta, a ɗura a robobi saboda baƙi. Waɗansu ma da wannan sana'a suke biyan kuɗin makarantar yara. Domin haka a wannan wata za mu yi magana a kan wankin kayan da ake wannan aiki da su, da kuma inda ruwan wankin yake tafiya.

Bari mu fara da abin da ya same mu. Shekarar da muka aurar da 'yarmu, kwana 3 muka yi ana dama kunu. Saboda tsoron kada cikin baƙi ya ɓaci, muka yi ta tuttula ruwan bilic babu awo, muka ƙara da sodar yin sabulu. Dukan ruwan wankin kuwa, har da dusar da aka tace, ta bututun kicin muka tura shi. Ba a yi wata guda ba sai wari ya tashi a bayan ɗaki, ruwa ya daina wucewa, tilas muka kira motar kwasa. Abin da muka biya ya fi abin da muka kashe a kan kunun.

Mene ne ya faru? Abin da muke kira sokawe rami 2 ne. Na fari tankin siminti ne rufaffe, inda ƙazanta take kwantawa. A cikinsa akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, ba su bukatar iska, aikinsu kuwa su cinye ƙazantar su rage ta. Daga nan ruwan da ya taso sama yakan gangara rami na biyu, ƙasa ta shanye shi a hankali. Waɗannan halittu ma'aikatanmu ne da ba mu biyansu albashi. Magani mai ƙarfi idan ya yi yawa yakan kashe su, dusa kuma takan cika tankin ta toshe bututu. Ashe mu da hannunmu muka kori ma'aikatan, sa'an nan muka ninka aikin.

Amma kada wani ya ce, to, sai a bar maganin ke nan. A'a. Kunu da zoɓo suna da sukari, a sanyaye kuma ake shansu, saboda haka ƙwayar cuta da ta shiga gora ta sami gona. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, fiye da 3,000 suka rasu, jihohin Bauchi da Kano da Jigawa suna cikin waɗanda suka fi shan wuya. Ta ruwa da abinci marasa tsabta take bi. Lalle ne a kashe ƙwayoyin da suke cikin gora, a bar na cikin rami da ransu.

Ga hanyar da muke bi yanzu. Da fari, a kankare sauran ƙullu da dusa a ba awaki ko kaji, kada ko kaɗan ya shiga bututu. Sa'an nan a wanke komai da sabulu da soso nan da nan, tun bai bushe ba, a sa burushi cikin wuyan gora da murfinta. Wannan shi ne babban aiki, gama bilic ba ya ratsa datti, yakan ƙare ƙarfinsa a kansa ne kawai.

Na biyu, duk abin da zai jure wuta a tafasa shi. Kwalabe, rariyar ƙarfe, ludayi da ƙyallen tata, a sa su cikin ruwan sanyi, a ɗora a wuta, su tafasa minti 10. Kada a jefa kwalba mai sanyi cikin tafasasshen ruwa, za ta fashe. Ruwan zafi ba ya barin guba, idan ya huce ba ya cutar sokawe. Ƙwarya, muciya da randa kuwa suna shan ruwa, don haka kada a jiƙa su da bilic. A ƙona su da ruwan zafi, a kife su a rana.

Na uku, robobi, jarka da mazurari, waɗanda zafi yakan lanƙwasa, su ne na bilic. A sami wanda ba shi da turare, irin su Jik ko Hypo. Babban cokali 1 cikin lita 4 na ruwan sanyi ya isa. A nutsar da kayan minti 5, a kife su bisa tebur mai tsabta su tsane da kansu, ba a goge da tsumma ba. Idan wari ya rage, a ɗauraye da ruwan da aka tafasa ya huce. Kada a bar kwanon silba ko tukunyar alminiyam su kwana a ciki, gama yana cin ƙarfe.

Ga gargaɗi mai nauyi. Kada a haɗa bilic da lemon tsami, ruwan tsamiya, ko maganin wankin masai. Haɗuwarsu takan fitar da iska mai guba wadda take ƙona ido da huhu. A yi aikin a tsakar gida inda iska take kaɗawa. Kada kuma a juye bilic cikin gorar lemo, domin yaro zai ɗauka abin sha ne. Gorar da aka tsinto a bola, ko wadda ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi, babu wankin da zai mai da ita ta abin sha.

To, ina za a zuba ruwan bilic bayan an gama? Ɗan abin da aka surka bisa awon nan ba zai kashe sokawe ba. Amma ranar biki, sa'ad da bokitai suka yi yawa, gara a ajiye su a buɗe cikin rana inda yara da dabbobi ba za su kai ba. Rana da iska sukan karya ƙarfin maganin. Kashegari a wanke daɓen tsakar gida da shi, ko a watsa a ƙasa nesa da lambu da rijiya. Mu tuna kuma, masana lafiya suna ba da shawara a bar kamar mita 30 tsakanin rijiya da sokawe.

Tun da muka koma ga cokali muka bar tuttulawa, kwalbar bilic guda takan kai mu watanni, motar kwasa kuma ba ta sāke zuwa da gaggawa ba. Ku gwada a bikin bana, ku koya wa 'yan matan gida, ku rubuto mana yadda ta kaya. Sai mun sadu a wata mai zuwa, ku huta lafiya.