Kabad Ɗin Da Ya Rage Wa Uwargida Zirga-Zirga

Jama'a, a wannan mako za mu leƙa Amurka, mu ga yadda lura da wahalar mai girki ta ɗaukaka wani ƙaramin kamfani mai suna Hoosier.

An kafa shi ne a shekarar 1898 a garin Albany da ke Jihar Indiyana. Da fari abin da ya fi mai da hankali a kai shi ne injin tace irin shuka, wanda manoma ke saye. To, amma cinikin kayan noma yana da lokacinsa. Domin kada ma'aikata su zauna hannu rabbana a lokacin sanyi, sai aka sa su ƙera kabad na ɗakin girki. Ashe nan arzikin yake.

A zamanin nan yawancin ɗakunan girki na Amurka ba su da ma'aji a jikin bango. Gari yana can, sukari yana nan, kwanoni suna wani ɗaki, uwargida ta yini tana kai da kawowa. Kabad ɗin Hoosier ya tattara mata kome wuri guda: ga mazubin gari da rariyarsa a ƙasa, ga na sukari, ga kwalaben kayan yaji, ga kuma faifan aiki da ake jawowa a yi kwaɓi a kai.

A shekarar 1900 gobara ta cinye masana'antar. Masu kamfanin ba su karaya ba, suka koma garin New Castle suka ɗora daga inda suka tsaya. Suka kuma gane cewa ba kowane magidanci ke iya biya gaba ɗaya ba, sai suka yarda a riƙa biyan dala 1 kowane mako. Kafin shekarar 1920 ta ƙare, sun sayar da kabad wajen miliyan 2.

Amma zamani riga ne. Da aka fara gina gidaje da ma'aji a jikin bango, kasuwar ta ja baya, har kamfanin ya rufe a shekarar 1942.

Saboda haka kira gare ku kafintocinmu: kafin ku ɗauki zarto, ku tsaya ku dubi yadda mai girki ke fama a madafa, gama buƙatarta ita ce kasuwarku. In ta sake, ku ma ku sake.

Sai mako mai zuwa.